Kwana Ukun Kawu Ilu

Abin da ya bari bai cika tafin hannu ba:
lambar tagulla da tsatsa ta ci wa baki,
hoto guda, su uku a gindin kwakwa,
a baya an rubuta Laberiya da jan biro,
sai takardar kuɗin da ba ta sayen ko ashana a Kawo.

Mu dai da gyaran rediyo muka san shi, a Kasuwar Barci.
Ba ya cin kifi.
In motar haya ta hau gadar Kaduna
sai ya runtse ido har a wuce tashar jirgi.
Inna ta ce kada mu tambaya,
wai gyambon da ya yi ɓawo ba a sosa shi.

Shekara shida da binne shi na fara sosawa.

Na je gidan adana takardu,
suka ce na soja ba a nan suke kwana ba.
Na je bariki, aka ce in rubuto wasiƙa.
Na rubuto, aka ce mai sa hannu ya tafi kwas.
Na zo da bazara, na dawo da damina,
har mai gadi ya fara ce mini ɗan gida.
Wata Talata, magatakarda mai tabarau ɗaure da zare
ya turo mini fayil.
Gara ta riga ni karantawa.

Iliyasu Gwadabe, kofur.
Tsayi kaza. Tabo a haɓa.
Ranar shiga jirgin ruwa a Legas, ranar sauka.
Zazzaɓi sau biyu.
Sai layi guda da aka ja wa zare a ƙasa:
ya bar bakin aiki kwana uku ba izini,
an zaftare albashi, an cire igiya ɗaya.

Kwana uku.
Na juya takardar, bayanta fari fat.

Aka kwatanta mini Saje Ayuba Kazah a Sabon Tasha,
shi ne na hagu a hoton,
yanzu ƙafa ɗaya da sanda, yana kiwon zabi.
Ya riƙe hoton nesa da ido,
ya yi dariya har ta koma tari.

“Ilu! Ai shingen gada aka ba mu.
Mutane dubu da ƙunshin kaya a ka, mu tara kacal.
Ƙarƙashin gadar kuwa,
kada ka tambaye ni abin da kifi ke ci.
Wata tsohuwa ta miƙa masa yaro, ta zauna, ba ta tashi ba.
Yaron ba ya jin namu, mu ba ma jin nasu.
Ilu ya goya shi da rigar ruwa,
ya ba ni bindigarsa, ya nausa cikin gari.”

Na ce, ya sami danginsa?

Saje ya watsa wa zabi dawa.
“Ya dawo ba yaro, ba takalmi.
Sau ɗaya na tambaye shi.
Ya ce in ba shi ruwa.”

Da magariba na biyo ta kan gadar.
Kogin ya cika, ja wur da ruwan Agusta,
masunta na janye taru.
Na yi niyyar kallo a madadinsa,
ban kai tsakiya ba ido ya ƙi.

A wani gari da ban taɓa takawa ba
watakila akwai magidanci mai ’ya’ya
da bai san sunan bayan da ya goya shi ba.
Watakila kuma babu.
Fayil bai ce ba, Saje bai sani ba,
wanda ya sani yana maƙabartar Tudun Wada.

Inna na tsintar shinkafa a faranti.
Ba ta ɗago ba ta ce, me ka samo?
Na ce, tsayinsa, da tabon haɓa.
Ta daɗe tana juya tsakuwa guda a yatsa.
“Wannan ai na sani,” ta ce.
“Ni na turo shi daga kan mangwaro.”